Na Ba Da Ɗiyata a Gaban Kamera

Ku da ke bin labarin nan a wayoyinku, sallama. Masu aiko mani saƙo suna ba ni haƙuri, na ji. Masu zagi ma na ji. Ba wanda zan amsa wa. Ku saurara kawai.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sha'ibu, amma a Malanbil ba mai kirana haka. Maigari suke cewa, don na haura shekara talatin ina naɗa rawanin aro a gaban kamera. Na fara da wasan faɗakarwa a tele ta Yamai, zamanin da unguwa guda ke taruwa gaban akwati ɗaya. Na yi na Paraku. Na yi zamanin kaset, na yi na faifai, ga ni cikin zamanin da ake kallon mutum a tafin hannu. In ana neman uban yarinya mai tsauri, ko alƙali, ko sarkin ƙauye, ni ake aiko wa kabu-kabu. Abin da na tara cikin sana'ar shi ne ɗaki biyu na haya bayan tashar kamiyo, inda manyan motocin kaya ke tsayawa, da akwatin ƙarfe cike da manyan riguna waɗanda rabinsu ba nawa ba ne. Gidan kuwa, masar da matata Hajjo ke toyawa ce ta riƙe shi. Na sani. Ba sai an faɗa mani ba.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mana. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kama sunanta ba, Inna nake ce mata. Tela ce, kekenta na wata rumfa a bakin kasuwa. Wani yaro mai fataucin albasa, Sa'adu, ya neme ta. Ba shi da yawan magana, in ya zo gaishe ni tun daga ƙofa yake tuɓe takalmi. Ita ma tana sonsa. In wayarta ta yi ƙara da yamma, ko tuwo take tuƙawa sai muciya ta tsaya. Danginsa tsofaffin 'yan kasuwa ne a garin nan. Sun kawo kaya, an sa rana bayan girbin shinkafa.

Amma akwai wanda ya riga Sa'adu tambaya. Issufu. Ni na koya masa tsayuwa gaban kamera. Yanzu shi ke shirya fim, shi ke fitowa saurayi a ciki, shi ke sayarwa. Da ya turo manya, na ce a gaya masa ba na ba ɗan wasa ɗiyata. Na san abin da matar ɗan wasa ke ci. Ya yi dariya ya ce ba komai, Baba. Munka ci gaba da aiki.

Da daminar bana ya kwashe mu zuwa ƙauyen Madekali ɗaukar wani fim. Yarinyar da za ta fito amarya 'yar Gaya ce, can tsallaken kogi. Tun da anka rufe gada sai a kwale-kwale ake ƙetarowa, ran nan kuwa kogi ya cika, ba ta zo ba. Inna ta biyo mu a kabu-kabu da kwanon abincina. Issufu ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, zama kawai za ta yi a lulluɓe. Fuska sau ɗaya."

Ta ce ba ta so. Ni na ce ta zauna. An riga an biya hayar kamera, ga hadari yana haɗuwa.

Mu ba mu aiki da takarda. Ana gaya maka abin da zai faru, ka faɗi naka da bakinka. Sunaye ma Issufu na gaskiya yake bari, don mutanen ƙauyen da ake ɗauka su cika taro ba sa riƙe na aro. Da anka zo wurin ɗaurin aure, anka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, anka roƙi wani tsohon malamin ƙauyen ya zauna liman. Issufu ya matso kusa da ni.

"Baba, ko mu motsa baki kawai, in sa kiɗa a kai?"

Na ce, "Wasan yara ke nan. Ni ba kifi ba ne da zan yi ta motsa baki ba magana. Ɗauki da sauti."

Tsohon ya gyara zama. Ko ya gane wasa ne ko bai gane ba, har yau ban sani ba. Ya ce wa ke bayarwa. Na ce ni, ubanta. Ya ce sunan ɗiya. Na buɗe baki na kama sunan da ban taɓa kamawa ba: Ummul-Khairi, ɗiyar Sha'ibu. Ya ce wa ke karɓa. Issufu ya ce shi. Ya zaro dala dubu biyu, sefa dubu goma ke nan, ya aje bisa tabarma, sadaki. Na ce na bayar. Ya ce ya karɓa. Anka shafa fatiha, dattawan ƙauye sunka ce amin, anka raba goro. Da anka tashi na miƙa masa kuɗinsa, ya ce in riƙe, su ne ladan yinina. Na sayi shinkafa da su. Munka ci.

Fim ya fita. Na manta da shi, kamar sauran.

Wata safiya Hajjo na bakin tanda, sai ga sallama. Alhaji Sallau ne, ƙanen mahaifin Sa'adu, cikin farar shadda mai sitati, tare da Malam Kadiri limamin unguwarsu. Na shimfiɗa masu tabarma. Hajjo ta aiko da ruwa da masa mai zafi, ba wanda ya taɓa. Alhaji ya aje waya a gabana ya latsa. Na ji muryata tana fita.

"Sha'ibu, wanga kai ne?"

"Duk garin ga sun san ni ne."

"Wagga ɗiya da ka kama suna, wace ce?"

"Alhaji, fim ne."

"Ban tambaye ka mi ne ne ba. Cewa na yi wace ce?"

Malam Kadiri ya ɗaga masa hannu. Mutum ne mai sanyin murya, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo.

"Malam Sha'ibu, ga uba, ga mai karɓa, ga sadaki, ga shaidu. Mi ya rage?"

"Niyya ta rage, Malam. Ba wanda ya yi nufin aure."

"Aure shina cikin abubuwan da ko da wasa anka yi su, sun zauna. Akwai malaman da za su ce maka kwaikwayo daban ne. Na ji su, ban raina su ba. Amma ni ba ni ɗaura aure bisa wani auren da ake shakka. Sadakin fa, ka mayar?"

A bayan zana na ji cokalin Hajjo ya daina buga tanda.

Malam ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Yaron shi furta saki gaban shaidu. Tunda ba a tare ba, ko idda babu."

Alhaji Sallau ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kafin kasuwar wanga mako ta watse. In ba haka ba mu aiko a kwashe kayanmu. Mu ba mu neman matar wani."

Na sa hula na nufi shagon Issufu. Ashe ni kaɗai ne ban san gari ya ɗauka ba. An yanko wurin ɗaurin auren ana ta turawa daga waya zuwa waya. 'Yan kabu-kabu na bakin duwan, ofishin kwastan, sunka hango ni, wani ya ɗaga murya, "Maigari, ina ango? Ba a gayyace mu biki ba!" Sauran sunka tuntsire da dariya, wani ya ƙara tasa da Dandanci, yaren garin. Ban waiwaya ba.

Na iske Issufu zaune bayan tebur, inda yake zuba wa mutane fim a waya. Sabuwar hula, baƙin tabarau, waya biyu suna ta ƙara.

"Baba! Ka ga abin da ke faruwa? Daga Dosso ana kira, daga Kamba, har Kotonu. Ba mu taɓa yin fim da ya tahi haka ba."

"Tashi mu je wurin Malam Kadiri ka saki ɗiyata."

"Matata?"

"Issufu."

"Haba Baba, wasa nike." Ya kori masu jira waje, ya turo mani kujera. Ban zauna ba. Ya ce, "Zan sake ta. Amma ba a zaure ba. Gaban kamera anka ɗaura, gabanta za a kwance. Kashi na biyu ke nan. Za ka zo gidana, ka durƙusa, ka roƙe ni. Malam shi turo shaidunsa su tsaya gefe."

Ku sani, ni ban taɓa durƙusa wa kowa a fim ba. A Yamai an taɓa ba ni matsayin mai bara, da kuɗi masu kauri. Na aje masu rigarsu na shigo mota da yunwata. Issufu ya san wannan, ni na ba shi labarin.

Na ce, "Ka san gwiwata."

"Na sani. Shi ya sa za a saya."

"Da gangan ka yi mani wanga abu."

Ya cire tabarau. Dariyar ta tafi.

"Ni na ce a sa kiɗa, Baba. Wa ya ce shi ba kifi ba ne? Na turo maka manya da mutunci, ka ce ba ka ba ɗan wasa ɗiya. Kai mi ne ne? Na haɗiye, na ci gaba da ɗaukar maka jaka. Sai ga shi ka ba ni da bakinka, gaban jama'a. Ni ban ƙwata ba."

Na tofa yawu a gaban teburinsa na fita.

Ban koma gida ba. Na tafi bakin kogi na zauna ina kallon masu lodin buhuna a jirage, har rana ta karkata. Sai bayan la'asar na shiga. Kekenta na gani a tsakar gida, an ɗauko shi daga kasuwa. Hajjo ta ce mata ke cika rumfar tun safe, ba mai ɗinki ko ɗaya, kallo kawai sunka zo.

Inna na zaune bakin gado cikin wata tsohuwar atamfa, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Waya na hannunta, muryar Sa'adu na fita a hankali.

"Khairi, wallahi ni ban canza ba. Amma Baffa ya karɓe magana daga hannuna. An hana ni zuwa ƙofarku, wai ba a zance da matar wani. Ko abinci ban ci ba. Ki yi wa Baba magana, don Allah."

Saƙon ya ƙare. Ta sake kunnawa. Ya ƙare, ta sake. Sai na yi gyaran murya.

"Baba, sannu da zuwa. Mi ka ce wa Issufu?"

"Na tofa masa yawu."

Hajjo daga ƙofa ta ce, "Madalla. Sai a kai wa Alhaji Sallau yawun shi ɗaura aure da shi."

Na ce ta yi mani shiru. Ta ce shirun da ta yi mani ne ya kawo mu nan.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mani sauƙi.

"Baba, tun ina ƙarama nike ganinka a tele kana aurar da ɗiyan mutane. Kana tsaya masu gaban alƙali, kana korar masu mugun miji. Ƙawayena suna cewa na yi sa'ar uba. Ran nan a Madekali na ce ba ni so, ka ce in zauna. Na zauna. Yau ni ke cewa ka durƙusa."

"Inna, gwiwata ba ta taɓa taɓa ƙasa don wani ɗan Adam ba."

"Tawa ta taɓa. Bayan fitarka daga wurinsa ni ma na tahi shagon. Na durƙusa gaban teburin, mutane na leƙe. Na roƙe shi da Allah da Annabi." Ta aje wayar bisa matashi. "Ya ɗaga ni, ya ce in yi haƙuri. Ya ce tawa gwiwar ba mai sayenta."

Na tsaya a ƙofar ɗakin kamar an dasa ni. Masu karatu, an taɓa zagina a kasuwa, an taɓa hana ni ladana, jandarma ya taɓa marina a kan hanyar Kandi. Ba wanda ya shige ni kamar wannan.

Washegari ranar kasuwa ce. Na buɗe akwatin ƙarfe na ture rigunan aro gefe. Na ɗauko tawa ta kaina, shuɗiya, wadda ta koɗe a kafaɗa. Ban naɗa rawani ba. Hajjo ta bi ni da ido har ƙofa, ba ta ce a dawo lafiya ba.

Gidan su Issufu ya cika. Ya riga ya baza labari. Mutane bisa katanga, mutane bisa rufin maƙwabta, kowa da waya a ɗage. Malam Kadiri ya ƙi zuwa, ya turo dattawa biyu, sunka tsaya can gefe suna sunkuyar da kai. An aje wa Issufu kujerar roba a tsakar gida, ya sa babbar riga mai aiki, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Mai kamera ya ce in shigo daga zaure.

Na shigo. Na yi sallama. Na durƙusa.

Gwiwar tsoho ba ta sauka a ɓoye. Ta yi ƙara, har na bisa katanga sunka ji, wani ya yi dariya anka tsawata masa. Ƙasar da zafi. Na ce, "Issufu, don girman Allah ka sakar mani ɗiyata."

Bai sake ta nan take ba. Ya miƙe yana zagaya ni, yana wasa, yana jan magana yadda na koya masa a ja ta. Ya ce wane ne wannan, ba Maigari ba ne? Ya ce ba kai ne ba ka ba ɗan wasa ɗiya ba? Ya ce in sake faɗa, na bayan gida ba su ji ba. Na sake faɗa. Ya ce in kira shi da sunan da ya dace. Na ce, "Surukina." Duk tsawon sana'ata, in ana son hawaye sai an murza mani albasa a ido. Ran nan ba a nemi albasa ba.

Sannan ya tsaya, ya juya wajen dattawan nan biyu, ya ce, "Ku shaida, na saki Ummul-Khairi ɗiyar Sha'ibu, saki ɗaya."

Sunka ce sun shaida, sunka juya sunka fita da sauri. Gida ya ɗauki tafi. Tafi, kamar an ci ƙwallo. Issufu ya rugo ya kama hannuna zai ɗaga ni, idonsa na ƙyalli.

"Baba, wallahi ba ka taɓa wasa irin na yau ba! Akwai wani mutumin Yamai da ya kira jiya, shina son ka cikin wani babban shiri na tele. Na ba shi lambarka. Baba, yanzu ne za ka ci moriyar sana'a!"

Na zare hannuna. Na dafa ƙasa na tashi da kaina.

Kafin in kai gida, hotona a durƙushe ya riga ni. Wayata ta yi ta ƙara cikin aljihu, lambobin da ban sani ba. Mutumin Yamai ma ya kira. Abin da na jira tun ina da baƙin gemu, ya zo. Na kashe wayar na jefa cikin akwati.

Da hantsin washegari Alhaji Sallau ya dawo, shi kaɗai. Wannan karon ya zauna da kyau, ya sha ruwa, har ya ɗauki masa ɗaya. Zuciyata ta ɗan sauka.

"Shaidu sun hwaɗa mana. Magana ta koma wurinta. Sa'adu shina gaishe ka."

"Alhamdu lillahi."

"Sai dai an canza wuri. A Gaya za a ɗaura, gidan ƙanenka. Shi zai bayar."

"Ba laifi. Ko can ma gida ne. Sai mu ƙetara tun da safe."

Ya dubi masar da ke hannunsa. "Kai ba za ka ƙetara ba, Sha'ibu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya sake faɗa. Ba wurin fatiha, ba wurin walima. Hajjo ta je, dangi su je, ni in zauna Malanbil.

Na miƙe tsaye. "Alhaji, kun sa na durƙusa wa yaron da na koya wa sana'a, duniya ta kalla. Yanzu ku hana ni shafa fatihar ɗiyata? Don kuna da rumfuna a kasuwa? Inna! Inna, fito ki ji abin da mutanen da za ki shiga cikinsu ke faɗi!"

Na san ɗiyata. Na san za ta fito ta ce in babu ubanta babu aure. Har na fara tunanin yadda zan lallashe ta.

Alhaji Sallau ya ce, "Zauna, Sha'ibu. Ba mu munka nema ba."

Labulen ɗaki ya motsa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali tsaf, ta yafa mayafi. Idonta a bushe.

"Ni na roƙa, Baba."

Na juyo na fuskance ta.

"Na gode da abin da ka yi jiya. Allah shi saka. Amma in ka zo, da wayoyi za su biyo ka. An kalli aurena, an kalli sakina. Ina son guda ɗaya wanda ba mai kallo."

Ta saki labulen.

Hajjo na bakin tanda, ba ta ɗago ba. Ashe ta sani. Na koma na zauna bisa tabarma, gwiwar jiya tana yi mani zogi. Alhaji Sallau ya aje sauran masar, ya goge yatsu, ya gyara hula.

"To, mi za ni hwaɗa masu?"

Na dubi labulen. Bai sake motsi ba.

Na ce, "Ka ce masu ruwa ya yi yawa bana. A nemo mata babban jirgi, kada kayanta su jiƙe."